Filashin Baba Maifata

Har gobe ban manta da ranar da Baba Maifata ya shigo shagonmu da filashi dunƙule a hannunsa ba. Ku da kuka zo koyon aikin nan kwanan nan, na san abin da kuke faɗa a bayana. Wai Nafi'u ya cika tsoro, da ya ga yatsan mutum ya doshi maɓallin farawa sai ya hau faɗa kamar wanda aka taɓa mara a gaban kwamfuta. To, ba a mare ni ba, amma da marin aka yi da ya fi min sauƙi. A cikin filashin nan akwai muryar wani mutum da ya riga mu gidan gaskiya, babu kwafinta a ko'ina, ni kuwa na danna abin da zai iya shafe ta tun kafin in san haka. Ku gyara zama in ba ku labarin a tsare.

Lokacin shagon yana tsohon wurinsa, a bakin layin dogo nan Agege, rumfar da in jirgi ya wuce sai sukurori su yi ta rawa a cikin faranti. Oga Tasi'u ne mai shago. Ni na gama koyo, an yaye ni, an ba ni teburin ƙarshe, wato teburin filashi da memori da duk abin da ake ajiye bayanai a ciki. A tsarinmu, wanda ke teburin nan shi ke yanke hukunci a kan ƙananan ayyuka, sai abu ya gagara ake taso Oga. Damina ce, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, lokacin da masu fata a abbatuwa, wato mayankar dabbobi, ba su da sukunin ko sosa kai.

Saboda waɗanda ba su taɓa fasa filashi ba, bari in yi ɗan bayani. In ka ɓare kwanson, baƙaƙen abubuwa biyu za ka gani a kan ɗan allon. Babban shi ne memori, nan kaya suke, ku ɗauke shi sito. Ƙaramin shi ne kwantirola, mai siton ke nan, shi kaɗai ya san inda ya jibge kowane buhu. Akwai ƙa'idar aiki da kamfani ya cusa masa tun ranar da aka ƙera shi, ita muke kira famwiya. In famwiya ta rikice, kaya suna nan a sito, amma mai siton ya manta ko sunansa. Ka sa filashin a kwamfuta ta ce maka babu komai, ko ta ce girmansa sifiri ne. Maganin da muka sani shi ne manhajar masana'anta, irin wadda su kansu masu ƙerawa suke aiki da ita. Tana sake zuba wa kwantirola famwiya, filashi ya tashi garau kamar sabo. Sai dai a kan hanyarta takan share siton tas. Shi ya sa tayar da filashi daban, ceto abin da ke cikinsa daban. Na farkon ko mai koyo zai iya, na biyun ne ke sa mutum furfura.

Da hantsi ya yi sallama. Dattijo ne dogo, siriri, rigarsa fes, amma warin gishiri da ɗanyar fata ya riga shi shigowa. Malam Hamidu sunansa, mutumin ƙasar Gumel, ya daɗe yana sayen fata a abbatuwa har sana'ar ta zame masa suna. Duk daɗewar nan Hausarsa tana nan yadda ya taho da ita daga gida. Ni kuwa haihuwar Agege ne, goro ya kawo kakana. Hausata ta sha ruwan Ikko, na fi iya zagin kwandastan danfo, motar hayar garin, da Yarbanci a kan in jera gaisuwar ƙauye.

Ya buɗe hannu ya ajiye filashin a teburi a hankali. Irin masu arahar nan ne da ake jerawa a faifai a bakin masallaci, shuɗi, bakin ƙarfen ya fara tsatsa. Ya ce a 'yar rediyonsa yake sa shi, rannan batir ya mutu yana cikin yi, tun daga nan ya yi shiru.

Na soka a kwamfuta, ta nuna sifiri. Sai na bi dokar shago, wadda har yau muke bi, ba a taɓa kayan mutum sai an tambaye shi a gaban wani. Na kira Oga ya juyo, na ce, "Baba, akwai abu mai muhimmanci a ciki? Don gyaran nan yakan share komai."

Ya kau da kai ya dubi wajen layin dogo. Ya ce, "Karatun wani yaro ne."

"Wane yaro, Baba?"

"Wani yaro ne nan wajenmu."

"To in karatun ya tafi fa?"

Ya yi jim, sannan ya ce, "Abin da Allah Ya yi daidai ne. Kai dai yi aikinka, samari."

Oga ya ɗaga kafaɗa ya koma kan wayar da yake gyarawa. A kunnena wannan izini ne cikakke. Ku ma kun san mutanen Ikko. Mai abu mai muhimmanci ba ya ɓoyuwa, zai maimaita maka har ka gaji, ya haɗa ka da Allah, ya ƙara da cewa ƙanin matarsa ɗan sanda ne. Wannan dattijo ko muryarsa bai ɗaga ba. Na ce a raina, karatu ai ba abin wahala ba ne, in na tayar da filashin sai in cika masa shi da tilawar manyan makaranta, kyauta, ya ji daɗi. Ya ce zai koma wajen fatu kada su lalace, gobe bayan la'asar zai dawo.

Bayan fitarsa na ɓare kwanson, na karanta lambar da ke jikin kwantirola da gilashi, na nemo manhajar da ta yi daidai da ita cikin tarin da muke da shi. Kun san kamanninsu, rabi Turanci rabi Sinanci, akwatuna birjik. Ta ga filashin. Na danna farawa. Layin nan da ke nuna tafiyar aiki ya motsa kamar faɗin farce, ya tsaya, sai wurin ya koma ja. Ta ƙi. Na yi tsaki, don wannan ba sabon abu ba ne, kwantirola ɗaya yakan yi manhaja kala-kala, sai ka dace da wadda ta san irin memorinsa. Na zare filashin na shiga neman wata.

Ina cikin nema, ruwa ya tsuge, sai ga wata mata ta sauko daga okada ta faɗo rumfar, hijabinta sharkaf. Ba za ta wuce sa'ata ba. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Malam, don Allah, nan Babanmu ya kawo filashi? Shuɗi? Baba Maifata?"

Na ce nan ne. Idonta ya sauka a kan kwanson da ke ɓare a teburi, ta dafa ƙirji.

"Ba ka dai yi masa komai ba ko?"

Na ce, "Hajiya, Baba ya ce karatun wani yaro ne."

Ta ce, "Yaron ai Yayana ne. Yaya Mansur. Shi ne ɗan farinsa. Ya rasu bara, a haɗarin motar shanu."

Saratu sunanta, ɗinki take yi a cikin unguwa. Na ba ta kujera, ta zauna tana matse bakin hijabi, ta yi min bayanin abin da ya kamata a ce na sani, da a gida na tashi. A wajensu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Kunya ce, gado ce, haka ya ga nasa uban ya yi masa. Ta ce tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin sunan Mansur a bakin Baba ba, sai dai "yaron nan". Alhali shi ya koya masa karatu da kansa, tun daga allo har ya sauke. Ranar zaman makoki ma haka ya zauna yana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu.

Mansur shi ke jan sallar asham a ɗan masallacin masu fata. Azumin ƙarshe da ya yi, wani abokinsa ya ɗauki karatun da waya, aka kai wa masu tura waƙoƙi suka zuba a filashin nan. Wayar an zare ta a danfo tuntuni. Mai turawar ya share kwamfutarsa ya fi a ƙirga. Ta ce kullum bayan la'asar Baba yakan shige bayan tarin fata, inda yake zaton ba mai ganinsa, ya kunna rediyon ƙasa-ƙasa. Kowa a gidan ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba. Tunda filashin ya yi shiru, tuwon da aka kai masa haka ake ɗauko shi.

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Hajiya, na riga na danna sau ɗaya. Manhajar ta ƙi, amma ta ɗan motsa kafin ta ƙi. Ban san me ta taɓa ba."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ta ce, "To yanzu yana nan ko ba ya nan?"

Na ce ban sani ba, kuma ba yadda za a yi in sani sai filashin ya buɗe. Don in kwantar mata da hankali na sake soka shi a kwamfuta. Wannan karon ko sifirin bai nuna ba, kwamfutar ta yi kamar ba a sa mata komai ba.

Na taso Oga, na faɗa masa komai. Ya ajiye kan dalma, ya ɗauki allon ya juya shi a ƙarƙashin fitila. Oga Tasi'u mutum ne mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma in magana ta yi nauyi sai ya yi sanyi.

Ya ce, "Hanya biyu ce. Ko a kai Ikeja wajen manyan masu gyara a cire memorin da wuta a karanta shi a inji. Amma dubi wannan, rijet ne, irin wanda kamfani ya zubar wasu suka tsince. In ya ji zafi zai iya mutuwa gaba ɗaya, shi ke nan an gama. Ko kuma ka zuba famwiya kaɗai, ka hana manhajar taɓa siton. Ka taɓa yi?"

Na ce ban taɓa ba, a wajensa ma na taɓa jin ana yi.

"Ni ma sau ɗaya na gani, kuma bai yi ba. Abeg, kada ka koya a kan na mutumin nan. Oya, tashi ka nemo 'yan'uwansa."

Abin da yake nufi shi ne in samo filashi irinsa sak, in lalata shi da hannuna, in gwada gyaran a kansa tukuna. Saratu ta san mai faifan da aka saya a wurinsa, yana nan bakin masallacin abbatuwa. Na bi ta cikin ruwan nan, taɓo har idon sawu, na kwaso duk shuɗayen da suka rage masa. Mutumin yana ta murna, ya zaci kasuwa ce ta buɗe. Da na dawo na fasa su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga gaskiyar masu cewa kama da wane ba wane ba ne. Kwanso iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma ciki kowa da uwarsa. Biyu kacal suka zo da kwantirola da memori irin na Baba.

Na ɗauki na farko. Ina buƙatar murya a ciki don in gane ko za ta tsira, sai na naɗi Oga yana yi wa wani kwastoma faɗa a waya, na zuba. Sannan na fara zuba masa famwiya na fizge shi a tsakiya da gangan, ya rikice kamar na Baba, kwamfuta ta daina ganinsa. In filashi ya kai wannan hali, dabara ɗaya ce. Sai ka ɗora tsinin allura tsakanin ƙafafu biyu na memori a daidai lokacin da kake soka shi, don kwantirola ya kasa karanta rikitacciyar famwiyar, ya farka da hankalinsa na asali. In ka ɗora a ƙafar da ba ita ba, wuta ta bi inda bai kamata ba, sai dai ka ji ƙauri. Na yi, wata manhajar da na samo a madadin ta farko ta gan shi. Akwatuna uku ne a fuskarta: gwajin memori, fomatin, da zuba famwiya. Na biyun farko su ke share kaya, na cire musu alama, na bar na ukun. Na danna. Ya koma kore, filashi ya tashi. Na buɗe, wayam. Faɗan Oga ya tafi. Ban taɓa zaton zan yi baƙin cikin rashin jin faɗan mutumin nan ba sai ranar.

Na zauna ina kallon fankon filashin. Abin da ke raina ɗaya ne, da na Baba ne wannan fa? Kuma wa ya sani ko dannawar da na yi da safe ba haka ta riga ta yi masa ba, duk wahalar nan a kan fanko nake yi? Na kasa cin abincin rana. Mai shinkafar da ke kusa da mu har ta leƙo ta tambaya ko zazzaɓi nake.

Sauran yinin nan da safiyar washegari a cikin manhajar na ƙare su. Na yi ta shiga shafukan ciki, ina ɗaukar hoton Sinancin da waya ina fassarawa. Can a wani lungu na tarar da wani ɗan akwati da alama a kansa, wanda ke ba kwantirola umarnin ya sake tsara siton daga farko. Shi ya ci ni. Na cire alamar. Na ɗauko ɗan'uwan na biyu, wanda daga shi babu wani, na zuba faɗan Oga, na lalata shi, na sa allura, na danna. Kore. Na buɗe, sai ga muryar Oga tana tashi, yana cewa wani ya zo ya ɗauki wayarsa ko ya sayar da ita. Oga ya yi dariya, ni ban iya ba. Gwaji ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi, kuma waɗannan sababbi ne, ba su sha gishiri da tsatsa ba. Tsugune ba ta ƙare ba.

Bayan la'asar Baba ya zo kamar yadda ya ce, da 'yar rediyonsa a leda. Saratu ta biyo shi daga nesa, ta tsaya wajen mai shinkafa kamar ciniki ya kawo ta, don kada ya san ta yi magana. Ya gaishe mu, ya zauna a benci, ya ɗora ledar a cinya. Bai tambayi filashi ba. Ya tambayi Oga ya kasuwa, ya tambaye ni ya ruwan jiya. Sai a ranar na lura da hannunsa, babban yatsansa sai murza bakin ledar yake yi.

Yanzu ni ne cikin tsaka mai wuya. Dole in sake neman izininsa, izini na gaskiya, amma ba zan ce masa na san na waye ba, in tsiraita dattijo a gaban mutane. Na durƙusa kusa da shi na rage murya.

Na ce, "Baba, karatun nan, na ga alamar mai kyau ne, ban so ya tafi. Akwai hanyar da zan bi. In Allah Ya sa an dace, zai dawo. In ba a dace ba, ya tafi ke nan har abada, ba mai iya dawo da shi. In kuma ka ce a bari, sai in rufe maka shi yadda yake, ka ajiye."

Ya daina murza bakin ledar. Sannan ya ce, "In na ajiye shi a haka, zai yi magana?"

Na ce a'a.

"To yi bisimilla."

Na cire laftof daga wutar nefa na bar ta a batir, don kada a ɗauke wuta ko a kawo ta da ƙarfi a tsakiyar aiki. Na goge bakin filashin da sifirit. Na duba akwatunan nan, na sake dubawa, na shiga lungun na tabbatar babu alama, na kira Oga shi ma ya duba da idonsa. Na ɗauki allura. Ina kai ta kusa da ƙafafun memori sai ga ƙugin jirgi daga nesa. Na janye hannu na jira. Teburi ya yi ta kaɗawa, tarago bayan tarago, kamar jirgin nan ba shi da ƙarshe. Ban taɓa tsanar jirgin ƙasa kamar ranar ba.

Da ƙasa ta natsu na dafa gwiwar hannuna a teburi, na ɗora allura, na soka. Manhaja ta gan shi. Na ɗauke allurar, na yi bisimilla a fili, na danna. Layin ya motsa, ya kai daidai inda ya tsaya jiya, ya tsaya. Ina jin mai shinkafa tana kankare tukunya, ina jin ledar Baba tana ƙara. Sai ya ƙara gaba, ya ja jiki a hankali har ƙarshe, ya koma kore.

Kore ba ya nufin komai, na farkon ma kore ya nuna. Na zare, na sake sokawa ba allura. Kwamfuta ta yi 'yar ƙararta. Na buɗe, sai ga fayiloli, 'yan kaɗan, a jere. Ban tsaya murna ba, don filashin da ya tashi daga irin wannan ciwo yana iya komawa kowane lokaci. Na hau kwafa nan take. Ƙananan suka wuce lafiya. Babban cikinsu, wanda Saratu ta ce na daren ƙarshe ne kuma shi Baba ya fi saurara, ya yi nisa sannan ya cije. Na sake, ya cije a wuri ɗaya. Na sa manhajar da ke tsallake wurin da ya mutu, ta kwaso abin da za ta iya, amma daga nan zuwa ƙarshe babu abin da ya karantu. Ko dannawar da na yi ce ta ci wurin, ko dama can ya mutu tun ranar da batir ya ɗauke, har yau ban sani ba, Oga ma bai sani ba.

Na zuba abin da aka samu a sabon filashi mai kyau, na ce, "Baba, kawo rediyon mu gwada." Ya kwance ledar da kansa. Na sa, na kunna babban fayil ɗin, don gara ya san inda ya tsaya a gabana da ya je ya tarar shi kaɗai.

Murya ce ta saurayi, siririya, mai ɗan sauri, ana jin fanka tana juyawa a bayanta da tarin wani tsoho a sahu. Oga ya miƙa hannu ya kashe waƙar da ke tashi a shagon. Baba bai ɗaga kai ba. Ya zuba wa ƙasa ido, leɓɓansa suna bin karatun ba sauti. Na hango Saratu ta juya mana baya, kafaɗunta suna motsi.

Karatu ya yi nisa, ni kaɗai na san abin da ke tafe. A tsakiyar wata aya, ko numfashi mai karatun bai kai ga ja ba, muryar ta yanke.

Kafin in ce uffan sai na ji Baba ya ɗora. Ya faɗi kalmomin da ke biye da ƙarfi, a taƙaice, yadda malami ke tuna wa ɗalibi in ya kakare, sannan ya yi shiru yana jira a karɓa. Rediyo ba ta ce komai ba. Ya sake faɗa, wannan karon a hankali. Ya sake jira. Babu wanda ya motsa a shagon nan.

Sai ya gyara zama, ya ɗauko ayar daga farkonta, ya ci gaba da kansa. Muryarsa ta tsufa, tana karyewa a wasu wurare, amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen surar. Ya shafa, muka shafa. Ya ciro hankici ya goge fuska, ya ce garin nan akwai zafi, alhali yayyafi ake yi.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ƙarshen ne ban samu ba."

Ya ce, "Wanda aka samu ya isa. Sauran na san shi."

Ya naɗe rediyonsa a leda, ya sa mana albarka, ya fita. Na bar kwafi a kwamfutar shago, na tura wa Saratu wani a wayarta, na ce ta tura wa duk wani ɗan'uwa da take da shi a Arewa.

To, kun ji dalilin faɗan da nake yi muku. Na bi doka ranar nan, na yi tambaya, an ba ni amsa a gaban shaida, kuma duk da haka saura ƙiris. Manhajar masana'anta ba ta san kunya ba, abin da ka ce ta yi shi za ta yi, kuma ba ta da ribas. Mutanenmu kuwa, musamman dattawan da suka taso a gida, abin da ya fi yi musu ciwo shi suka fi ƙanƙantawa da baki. Don haka na canza tambayata. Ba na ce wa mutum ko akwai abu mai muhimmanci a ciki, don wani ko za a yanka shi ba zai ce e ba. Cewa nake yi, in wannan ya ɓata, a ina za a samo wani? In ya faɗi wuri, ku ci gaba da aikinku. In kuwa ya yi shiru ya kau da kai, ku janye hannu daga maɓalli, ku ba shi wurin zama, ku nemi wani daga gidansa ku tambaya.